Me ya sa kilorin ke rage kuzarin zoben benzin, amma yake tura sabon rukuni orto da para?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. An koya mana cewa rukunin atom da ke ba zoben benzin (zobe mai atom shida na kabon) ilektoron, kamar OH da CH3, yana hanzarta aikin shigar sabon rukuni cikin zoben kuma yana kai sabon rukunin gurbin orto (kabon da ke maƙwabtaka da mai riƙe da rukunin farko) da para (kabon da ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren zoben), wanda ke janye ilektoron kuma, kamar NO2, yana rage saurin aiki ya kai shi meta (kabon da ke tsakanin orto da para). To ina matsayin kilorin, wanda ke rage saurin amma bai kai meta ba? Malamai, a taimaka da bayani.

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Abin da ya kamata ki raba shi ne tambayoyi biyu: yaya saurin aikin yake, kuma a wane gurbi yake faruwa. Kilorin ya fi kabon ƙarfin jan ilektoron, saboda haka yana tsotse su daga zoben ta haɗin sigma (haɗin kai tsaye da ke tsakaninsa da kabon), shi ya sa kilorobenzin, wato benzin mai ɗauke da kilorin, ke karɓar rukunin NO2 a hankali, kusan sau 30 ƙasa da benzin. Sai dai kilorin yana da ilektoron da bai yi haɗi da su ba. Idan NO2+ (NO2 mai cajin +, wanda ke neman ilektoron ɗin zoben) ya kama gurbin orto ko para, cajin + da ya rage a zoben yana iya sauka a kan kabon ɗin da ke riƙe da kilorin, a nan ne kilorin zai miƙa ilektoron biyu ya sassauta nauyin cajin. Idan a meta ya kama, cajin ba ya taɓa isa wannan kabon, don haka babu wannan taimako. Duk guraben sun yi rauni, amma meta ya fi kowanne rauni. A ganina, wanda ya zana waɗannan siffofi da hannunsa ba zai ƙara buƙatar haddar jadawali ba.

Hauwa'u:
Na gode, Malam. Amma oksijin ma yana jan ilektoron sosai, me ya sa finol, wato benzin mai ɗauke da OH, bai yi sanyi ba?

Malam Bashir:
Girman atom ne ya bambanta su. Obital (yankin da ilektoron ke zama a cikin atom) ɗin 2p na oksijin ya dace da 2p na kabon, don haka bayarwarsa ta rinjayi jansa, har finol yana haɗuwa da ruwan buromin ba tare da wani sinadarin taimako ba, ya karɓi buromin uku a gurabe na 2 da 4 da 6, wato orto biyu da para. Na kilorin kuwa 3p ne, ya yi girma, haɗuwarsa da kabon ba ta da ƙarfi.

Zainab:
Ina so in ƙara cewa a kilorobenzin para ya fi yawa, kimanin kashi 70 cikin ɗari, orto kuma kusan 30, duk da cewa guraben orto biyu ne. Jan kilorin ya fi tsanani a kusa da shi, ga kuma cunkoso. A yi hattara da anilin (benzin mai ɗauke da NH2) ma: cikin asid mai ƙarfi NH2 yana zama NH3+, wanda ba shi da ilektoron ɗin bayarwa, sai a sami meta mai yawa, shi ya sa ake fara mayar da shi asitanilid (anilin da aka kare NH2 ɗinsa daga asid) kafin a saka NO2.