Wane suna za mu ba "thérapie par le jeu" da Hausa?

Mai fassarar shirin lafiya a rediyo:
Salamu alaikum. Ana shirya bayani ga iyaye a nan Maradi kan abin da ake kira thérapie par le jeu da Faransanci, musamman irin wanda babba ke zama ya yi wasa da yaro mai taurin kai, mai duka da jifa da birgima. Na rubuta "maganin wasa", amma kunnena bai yarda ba.

Malamar jardan (makarantar ƙananan yara):
Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka ya yi gaskiya. Maganin sauro, sauro yake kashewa, ke nan maganin wasa shi ne abin da zai hana yaro wasa. Kuma da uwa ta ji "magani", ƙwaya ko rubutun sha za ta jira a miƙo mata. Ni "wasan tarbiyya" ya fi kwanta mini.

Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa:
Malama, mu duba aikin kafin mu raɗa suna. Akwai wani sanannen tsari da wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Sheila Eyberg, ta shimfiɗa a Amurka a shekarun 1970, don yara masu shekara 2 zuwa 7. Matakin farko minti 5 ne kullum, babba ɗaya da yaro ɗaya, kuma yaron ne jagora. An hana babba abu uku: ba da umarni, yin tambaya, da kushe. Ko "wannan wace kala ce?" an hana, don tambaya tana ƙwace ragamar wasan daga hannun yaro.

Abin da babba zai yi: in yaro ya jera gwangwanayen tumatir, ya ce "ka ɗora babba a ƙasa, ƙarami a sama". In yaro ya ce "mota ce", ya maimaita, "eh, motar kara ce ka haɗa". Ya ɗauki nasa karan ya kwaikwayi abin da yaron ke yi. Yabo kuma ya faɗi dalilinsa: "na ji daɗi da ka aje shi a hankali" ya fi "madalla" kawai, don yaro ya san abin da zai sake. Ma'aunin ƙwarewa shi ne a cikin minti 5 babba ya yi yabo 10, maimaitawa 10, bayyana aikin yaro 10, kuskurensa kuma kada ya wuce 3. Sai an kai nan ake shiga mataki na biyu, na ba da umarni ɗaya a sarari, a jira daƙiƙa 5.

To, "tarbiyya" a kunnen Bahaushe babba ne ke faɗa, yaro na bi. Wanda ya ji sunan zai zauna kan tabarma ya fara gyara: "ba haka ake yi ba, kawo in nuna maka". Aiki ya lalace tun minti na farko.

Malamar jardan:
Na karɓa, Malam. "Wasan gyaran hali" fa?

Mai fassarar shirin lafiya a rediyo:
Masu sauraronmu na jin tashoshin Katsina da Kano, inda "gidan gyaran hali" ke nufin gidan kaso. Babu uwar da za ta so a jingina wa ɗanta wannan.

Ungozoma mai horar da mata:
Ku gwada "wasan shaƙuwa". Yaron da ba a kallonsa sai ya yi ɓarna, ɓarnar ce hanyarsa ta samun ido a kansa. Minti biyar ɗin nan suna koya masa cewa natsuwa ma na jawo hankalin babba, kuma wanda yaro ya shaƙu da shi, shi yake jin maganarsa. Sai dai a bayyana cewa ba irin wasan kaka da jika ba ne, mai tsokana da zolaya. Zolaya kushe ce, ko da dariya aka yi ta.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Uwar da ba ta ko kiran sunansa ba za ta yabe shi a tsakar gida a gaban kishiya da suruka ba. A nan ko dai a shiga ɗaki a saki labule, ko gwaggo ko mai riƙonsa ta ɗauki aikin, in dai ita ce ke tare da shi kullum.

Ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa:
Hajiya, sunan ya zauna. In ƙara abin da ke sa iyaye su watsar a satin farko: ƙananan fitina irin su ƙunƙuni da gwalo, kau da kai ake yi, kuma da an fara kau da kai fitinar ƙaruwa take yi kafin ta ragu. Wanda ya gaji ya yi tsawa a lokacin ya koya wa yaro ya ƙara ƙarfi. Duka ko fasa kaya kuwa, a tsaida wasan nan take, a ce "sai gobe", goben kuma a cika alkawari. Kada a soke zaman don yaro ya yi laifi da safe. Ba lada ba ne.

Kayan wasa: yumɓu, kara, ƙananan ƙore, ƴar tsana, alli da allo. Ban da danƙo, bindigar roba, waya, da dara mai ci da faɗuwa. Marfin kwalba a nisanta shi da ɗan ƙasa da shekara 3, yana iya shaƙe shi.

Mai fassarar shirin lafiya a rediyo:
Na gode muku. Zan sa "wasan shaƙuwa" ga matakin farko, "koyon bin umarni" ga na biyu. Malama, ki gwada sunan a taron iyayen lakwal, mu ji ko sun gane shi ba tare da ƙarin bayani ba.