Neman shawara: yadda zan kwashe fayafayan gidanmu zuwa NAS mu riƙa kallo a talabijin

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fayafayai kusan 300 a gida, na fara tara su tun lokacin da ake zuwa Ƙofar Wambai sayen sabon fim. Wajen 200 VCD ne na finafinan Hausa, sauran DVD ne na Indiya da na wa'azi, sai 'yan kaɗan na bikinmu da sunan yara da mai ɗaukar hoto ya buga mana. Na'urar kunna su ta gaji, wasu fayafayan ma a tsakiya suke maƙalewa. An ce in sayi NAS, akwatin ajiyar nan da ake jonawa da rauta, in zuba komai a ciki, talabijin ɗin falo ta riƙa ɗaukowa. Had dis mai girman nawa zai ishe ni? Da wace manhaja zan kwafe su? Kuma kallon zai riƙa cin data? Allah ya saka da alheri.

Injiniya:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Data dai ka kwantar da hankalinka. Fim ɗin daga akwatin yake tasowa, ya bi ta rauta ya shiga talabijin, duk a cikin gidanka. Ko babu ko kwabo a layinka zai yi aiki.

Ga lissafin wuri. VCD ɗaya ba ya wuce megabait 700 zuwa 800, to guda 200 ba za su haura gigabait 160 ba. DVD mai hawa ɗaya gigabait 4.7 ne, mai hawa biyu 8.5. Ko an ce duk 100 ɗin masu hawa biyu ne, 850 ke nan. Ka ga duka wajen terabait 1 ke nan, wato gigabait 1,000. Had dis mai terabait 2 ya ishe ka, mai 4 kuma ya ba ka sararin shekaru. Ka nemi irin wanda aka yi domin NAS, kamar WD Red Plus ko Seagate IronWolf.

NAS ba ya karanta faifai da kansa, sai ka bi ta kwamfuta mai gurbin DVD, ko ka sayi na waje mai USB. Na DVD ka yi amfani da MakeMKV, tana fitar da fim ɗin yadda yake, babu ragi a hoto ko sauti. VCD ya fi sauƙi: ka shiga foldar MPEGAV, ka kwafo fayil ɗin DAT da ke ciki, ka gwada shi a VLC, manhajar kunna bidiyo. Mutane za su ce ka matse komai da manhajar HandBrake domin rage girman fayil. Ni ban ga dalili ba, tunda wuri bai yi maka kaɗan ba. Hoton VCD dama 352 a 288 ne, idan ka sake matse shi fuskokin ma ba za su ganu ba a babbar talabijin.

Maman Ummi:
Baban Khalifa, don Allah kar ka jira sai ka sayi akwatin. Fayafayan bikin nan su za ka fara kwashewa, a makon nan in da hali. Waɗanda ake bugawa a shago DVD-R ne, wani rini ne a jikinsu yake riƙe hoton, zafi da hasken rana suna cinye shi a hankali, sun fi na kamfani saurin mutuwa. Mu faifan sunan ɗiyarmu ta fari haka ya tafi, a ciki ne kaɗai muke da muryar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Fim ɗin Indiya za ka iya sake samu, wannan kuwa babu inda za ka je nemansa. Wanda ya yi datti ka goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kar ka bi shi zagaye.

Kawu Mai Sola:
Amin Hajiya, Allah ya gafarta mata. Ɗana, abin da ba a faɗa maka ba shi ne wuta. Had dis yana tsakiyar rubutu a ɗauke wuta, nan ne fayiloli suke lalacewa, canji daga NEPA zuwa janareta ma haka. Kar ka kunna NAS sai a kan inbata ko UPS, na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke. Ba ya cin wuta da yawa, mai had dis biyu wajen wat 20 ne, ƙaramin batir ma zai riƙe shi. Idan UPS ɗin mai USB ne ka haɗa su, akwatin zai kashe kansa lafiya kafin batir ya ƙare. Kuma kar ka kulle shi cikin durowar talabijin. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu sai sun toshe fankarsa, ka sa shi inda iska take ratsawa, ka riƙa hure shi.

Ɗan Sabon Gari:
Ni da kuɗina ne, Yaya, ba zan fara da NAS ba. Talabijin ɗaya ka ambata. Had dis na waje mai USB ka soka a bayanta, magana ta ƙare, babu rauta babu UPS. Ka dai tabbatar an yi masa fomat a tsarin NTFS ko exFAT, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, yawancin DVD kuma sun wuce. NAS yana da amfani ne idan uwargida tana kallo a ɗaki, yara a waya, kai a falo, duk lokaci guda.

Malamin Islamiyya:
Tunatarwa kaɗan, ɗan uwa. Ka kwafi abin da ka saya domin iyalinka, amma kar had dis ɗin nan ya je shagon masu tura fim a waya. Masu shirya finafinan nan sun zuba dukiyarsu, satar fasaha ta karya da yawa daga cikinsu. Haƙƙin mutane ne.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na ji, ba zai fita daga gida ba. Ɗan Sabon Gari, akwai talabijin ta biyu a ɓangaren Hajiya, ita ce ma ta fi kallon wa'azin, shi ya sa nake son NAS. Injiniya, idan na sa had dis biyu masu kwafar juna, zan iya rabar da fayafayan? Sannan ta yaya talabijin za ta ga finafinan?

Injiniya:
Kar ka rabar, yallaɓai. Wannan tsarin sunansa RAID 1, maganinsa mutuwar had dis ɗaya ne kawai. Idan yaro ya goge folda, a duka biyun take gogewa. Idan wuta mai ƙarfi ta ƙona akwatin, tare za su tafi. Ka adana fayafayan a tsaye cikin kwalinsu a wuri mai sanyi, na biki kuma ka ƙara kwafinsu a wani had dis daban ka kai gidan ɗan uwanka.

Maganar kallo, ka kunna DLNA a akwatin, wato tsarin da ke raba bidiyo ga na'urorin da ke kan rauta ɗaya, yawancin talabijin masu Wi-Fi za su gan shi cikin jerin hanyoyin shigowa. Wi-Fi zai ɗauki DVD cikin sauƙi, domin fim ɗin DVD bai fi megabit 10 a daƙiƙa ba. Inda za ka iya cin karo da matsala shi ne finafinan Indiya. Fassarar da ke ƙasan DVD hoto ce ba rubutu ba, talabijin da yawa ba sa nuna ta, wasu kuma ba sa fitar da DTS, wani nau'in sauti da ke cikin wasu DVD. Idan haka ta faru ka sayi ƙaramin akwatin Android ka sa masa manhajar Kodi, tana karanta su duka. Jellyfin, manhajar tsara finafinai da kallonsu, ita ma kyauta ce idan NAS ɗinka zai ɗauke ta. Finafinan Hausa da yawa ba sa cikin rumbun da waɗannan manhajojin suke ɗauko suna da hoto, don haka kai za ka rubuta sunan kowane fim da shekararsa tun wurin kwafa. Masu faifai biyu ka sa musu 1 da 2, ka ware wa wa'azi foldarsa daban domin Hajiya ta same shi da rimot ba tare da ta nemi kowa ba.