Abin da aka tsayar a fadarmu kan rediyon jirgin ruwa

Ƙanena da ke aiki a jirgin ruwa mai filafilai a Kwatano ya zo Maradi hutu, maigidansa ya ɗora masa zaɓen rediyon VHF (rediyon da jiragen ruwa ke magana da juna da shi) na kafawa a jirgi. Daren jiya muka baje maganar a fada, shayi na kan gawayi, tare da dattawa biyu da suka daɗe a bakin teku.

Sun ce na kafawa yana kai wat 25, na hannu kuwa 5 ko 6, don haka na hannu ya zama na ajiya kawai. Amma eriya suka fi nanatawa. Muryar VHF a miƙe take tafiya, tsayin eriya ke ƙara nisa, sai a ɗora ta can ƙololuwar sandar filafili. A ɗauki gajeriya mai 3 dB (ma'aunin yadda eriya ke tattara murya), domin jirgi mai filafilai karkata yake yi, doguwa sai ta riƙa harba murya sama ko cikin ruwa. Ɗayan dattijon ya ɗaga guntun wayar eriya ya nuna wa ƙanena, ya ce gishirin teku daga mahaɗa yake fara ci, kada a yi rowa wajen waya mai kauri.

Ni abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne maɓallin DSC mai launin ja, na kiran ceto. A danna a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, kiran ceto ya fita ta tasha ta 70, muddin an shigar da lambar MMSI, wato lambar shaidar jirgi mai alƙaluma 9; in kuma akwai GPS, kiran zai tafi da bayanin inda jirgin yake. Na roƙe shi ya sayi mai GPS a ciki, ya kuma bar kunnensa kullum a tasha ta 16, tashar kira da neman ceto.