Hutun ƙarshen mako a gonakin inabi na Stellenbosch: shawarwarin waɗanda suka je

A wata tattaunawa kan ziyarar yankin inabi na Afirka ta Kudu, inda ake yin giyar inabi, waɗanda suka taɓa zuwa sun haɗu a kan abu ɗaya: kada a ziyarci gonaki da yawa a rana. Biyu ko uku sun isa. Stellenbosch, garin da aka kafa a 1679, bai wuce tafiyar awa ɗaya daga birnin Kef Taun ba, kuma garin Franschhoek, inda Faransawa 'yan gudun hijira suka zauna tun 1688, na kusa da shi.

An fi daɗewa a kan maganar tuƙi. Kowa ya ce wanda ya ɗanɗana giya kada ya taɓa sitiyari, balle ga baƙo a ƙasar da ake tuƙi ta hannun hagu. A ɗauki direba, ko a hau ƙaramin jirgin ƙasan Franschhoek mai zagaya gonaki.

Ga wanda ba ya sha, kuma ni wannan ɓangaren ya fi jan hankalina, an ce tafiyar ba ta ɓaci ba. Wasu gonakin na ba da ruwan inabi marar barasa, wasu man zaitun da cuku. Sai dai a tambaya tun kafin a zauna, a kuma bincika ko abincin halal ne, domin ana yawan sa giya a miya. Wasu sun ba da shawarar a biya ta garin Macassar da ke kusa a ziyarci kabarin Shehu Yusuf, malamin Musulunci ɗan asalin Indonesiya.

Ana girbin inabi daga Janairu zuwa Maris, lokacin zafi da cunkoso, don haka a kama masauki da wuri.