Neman shawara kan digiri na biyu a fannin likitancin ƙwayoyin halitta

Dakta Maryam, Gombe: Assalamu alaikum, manyana. Ina aiki a sashen yara, kuma yawan masu sikila da ake kawo mana ya sa nake son yin digiri na biyu a fannin likitancin ƙwayoyin halitta da cututtukan gado. Ina neman shawararku kan inda ya dace in nema da abin da ya kamata in tanada.

Dakta Sani, Bauchi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin maganar makaranta, ki fara tsayar da aikin da kike son yi bayan kin dawo, domin mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Digirin da jami'o'in Ingila irin su Kambirij, Manchesta da Ekseta suke bayarwa na shekara ɗaya ne, kuma ya samo asali ne daga shirin da ƙasar ta yi na karanta ƙwayoyin halitta 100,000, wanda ya cimma wannan adadi a 2018. Zai koya miki yadda ake fassara sakamakon gwajin DNA da yadda ake amfani da shi wajen gano cuta, amma ba zai mayar da ke ƙwararriyar likitar cututtukan gado ba. Idan wannan kike nufi, ki fara kammala horon ƙwarewa a fannin yara ko na jini a nan gida, sannan ki duba Afirka ta Kudu, inda jami'o'in Kef Tawun da Wits suke ba likitoci horo na shekara huɗu a wannan fanni.

Malam Ibrahim, Bauchi: Ranka ya daɗe, na yarda da wannan rabe-rabe, sai dai ban ga dalilin da zai sa a fara hangen Ingila ba. A Jami'ar Redeemer's da ke Ede a Jihar Osun akwai ACEGID, cibiyar binciken ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa da Farfesa Christian Happi yake jagoranta, wadda ita ce ta farko da ta karanta ƙwayoyin halittar cutar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020, kuma ta daɗe tana aiki kan zazzaɓin Lassa da mu mutanen Bauchi muka sani sarai. Gaskiya ne ƙarfinsu ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa, amma aikin hannun iri ɗaya ne. Shawarata a matsayina na ma'aikacin ɗakin gwaji ita ce, Likita, ki fara koyon Linux da R, manhajojin kwamfuta da ake nazarin bayanai da su, tun yanzu, domin na'urar karanta DNA ba ta ba ka amsa, jerin haruffan DNA take ba ka. Ƙwayoyin halittar mutum ɗaya suna bambanta da ma'aunin da ake kwatantawa da shi a wurare miliyan 4 zuwa 5, kuma namu na 'yan Afirka ne suka fi yawan bambanci. Da yake yawancin bayanan da ake dogaro da su daga Turawa aka tattaro, sau da yawa za ki buɗe sakamakon yaro ɗan Darazo ko Kumo ki tarar an rubuta cewa ba a tabbatar da ma'anar canjin da aka gani ba, alhali iyayensa suna zaune a bakin ƙofa suna jiran bayani.

Hajiya Asma'u, Gombe: 'Yata Maryam, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da nake ganin mun fi rashi shi ne wanda ya iya yi wa iyali bayani. Saurayi da budurwa sukan zo gwaji bayan an kai lefe an sa rana, sakamako ya nuna dukansu AS ne. Idan ka ce musu ɗaya cikin huɗu, sai uwar yarinya ta ɗauka cewa idan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira, alhali kowane ciki lissafinsa daban. Ga kuma auren zumunci, wanda ba a taɓa shi da garaje a gaban dattawa. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka ba ta zama da mutum ta fahimtar da shi. Jami'ar Gana da ke Akara tana ba da digiri na biyu a kan ba da shawara game da cututtukan gado, kuma a ganina wanda ya yi shi zai sami aiki a hannunsa tun ranar da ya dawo.

Dakta Maryam, Gombe: Na gode, Mama. Zuciyata ta fi karkata ga asibiti, amma Yaya Sani, yaya batun kuɗin karatu idan na zaɓi na Ingila daga baya?

Dakta Sani, Bauchi: Akwai tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda yake buƙatar shaidar aiki na shekara biyu da alƙawarin dawowa gida na shekara biyu bayan kammalawa, akwai kuma na ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. A takardar bayanin manufarki kada ki cika ta da labarin Casgevy, maganin sikila ta hanyar gyaran ƙwayoyin halitta da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, domin kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2. Ki rubuta kan gwajin jarirai tun daga haihuwa, da yadda za a fara ba su fenisilin da wuri, a ƙasar da ake ƙiyasin haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara. Idan za ki iya tattara bayanan marasa lafiyan sashenku da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti ki rubuta ƙaramin bincike, zai ƙara wa takardar nauyi ƙwarai.

Malam Ibrahim, Bauchi: Ki kuma nemi takardar sakamakonki daga jami'a tun yanzu, domin takan ɗauki lokaci, kuma Chevening a watan Agusta ake buɗe shi. Zan turo miki darussan R na masu farawa da daddare, in sha Allahu.