Ranar jan igiyar fandisho: wa ya taɓa tarar da ɗakinsa bai kai na zane ba?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gini su ba mu labarin abin da ya same su ranar jan igiya, wato ranar da ake fitar da zanen gida a ƙasa kafin a fara haƙa. Ni dai a ranar na yi asara. Filina 50 ne a 100, a bayan gari nan Kano. A zane an rubuta 3600 a ɗakin uwargida, tsawo da faɗi. Wallahi ban san milimita ake nufi ba. Ranar ina kasuwa, ƙanina na tura. Sai da gini ya kai linta na shiga da tef, na ga ɗakin mita 3 ne da santimita 15. Ashe daga bayan bango zuwa bayan bango aka auna, bulo mai inci tara kuwa kaurinsa milimita 225 ne, bango biyu suka cinye 450. Da aka saka gado mai ƙafa shida da wadirof, sai dai mutum ya wuce a karkace. Har yau idan na shiga ɗakin nan raina yana ɓaci.

Tsohon Birkila: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na haura shekara ashirin ina wannan aiki a Zariya, kuma ni ma na taɓa yin irin kuskuren nan a gidan wani malamin makaranta, na rushe layi uku na bulo da kuɗina. Mu yawancinmu da ƙafa muka koyi awo. Muna ganin 3600 sai mu ce ƙafa goma sha biyu, alhali ƙafa goma sha biyu ta ɗan fi haka, kusan 3660 ce. Ɗaki ɗaya ba za ka ji ba, amma idan ɗaki huɗu suka jeru, a ƙarshe sai ka ga ginin ya ci hanyar da aka bari ta wucewa.

Tun daga nan nake kafa katako a kewaye filin, kowane bango in buga masa ƙusa biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, in ja igiya biyu. Maigida ya zo ya sa tef tsakanin igiyar ciki da igiyar ciki, abin da ya gani shi ne ɗakinsa, sai ɗan abin da filasta za ta ci. Sannan kusurwa: ka auna mita 3 a igiya ɗaya, mita 4 a ɗayar, tsakaninsu dole ya ba ka mita 5. Idan bai ba ka ba, ginin ya karkace, kuma mai tayil ne zai fara nuna maka. A ƙarshe a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sau biyu, su zo daidai. Duk wannan bai fi awa ɗaya ba.

Maman Khalifa: Ni tawa ba awo ba ne. Maigidana ya kawo zane gida, na ga wani ɗan layi kamar baka a bakin kowace ƙofa, na ɗauka ado ne. Ashe shi ke nuna inda ƙofa za ta buɗe. Ta kicin ɗina tana buɗewa ne daidai inda ya kamata firij ya zauna, yanzu firij yana falo. Abin da ya fi damuna banɗaki. Akwai kibiya a gefen takardar mai nuna arewa, babu wanda ya kula da ita, sai da aka ɗora masai muka lura mai zama yana kallon gabas. Alƙibla a nan Kaduna gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Sai da aka fasa tayil aka juya bututu. Don Allah maza, ku riƙa nuna wa matanku zane, mu ne muke yini a cikin gidan.

Ɗalibin Zane: Baba Birkila, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Hajiya, sannu da haƙuri. Ni ina bin maigidana wuraren aiki, ga abin da na gani da idona. Wani bawan Allah ya ɗauki hoton zane da waya, ya buga a ƙaramar takarda, yana aunawa da rula. A ƙasan zanen an rubuta 1:100, ma'ana santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a fili, amma wannan yana aiki ne a kan takarda ta asali kawai. Da zarar an ƙanƙanta ta, rula ba ta da amfani. Lambar da aka rubuta ita ake bi.

Kuma zane ba shafi ɗaya ba ne. Wanda kowa ya sani shi ne gidan kamar an cire rufi ana leƙowa daga sama. Akwai mai nuna fuskar gida, akwai wanda aka yanka gidan a tsaye, a nan ake ganin zurfin fandisho da tsayin taga da na silin. Idan bene ne, sai zanen injiniya na rodi. A wani gini mun ga an rubuta 4Y16 a ginshiƙi, wato rodi huɗu masu kaurin milimita 16. Mai gidan ya sayo mai 12 saboda ya fi araha, yana cewa ai bambancin huɗu ne kawai. Ƙarfen da ke cikin mai 12 kaɗan ya haura rabin na mai 16. Maigidana ya ce ba za a zuba kankare ba sai an canja, an yi ta rigima, daga baya aka canja. Wannan zancen rai ne, mutane za su kwana a ƙarƙashin rufin kankaren. Zanen da aka kai wa hukumar tsara birane ta sa hannu, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, shi ya kamata a gani a hannun birkila, ba wanda aka sauya da biro a wurin aiki ba.

Ɗan Maraɗi: Mu nan da mita muke aiki, bulonmu ma na 15 ne da na 20, don haka ba mu da rikicin ƙafa. Amma ni igiyata ta shiga filin maƙwabci da kusan rabin mita, saboda turken iyaka ya ɓata aka yi kintace. Sai da dattawan unguwa suka zauna, na cike ramin da aka haƙa. A nemo turaku huɗu tukuna, a kira maƙwabci ya tsaya.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura zaure da shagon gaba ban yi ba, ranar Asabar za a ja igiyarsu in sha Allahu. Na sayi tef mai mita 30, na gaya wa yaran shago ba zan fito ba, kuma daren jiya ni da uwargida muka shimfiɗa takardar a tabarma muna bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Baba Birkila, ƙusar ciki da ta waje, a kan katako ɗaya ake buga su?