Waɗanda suka gwada abincin alkalin, me kuka gani a jikinku?

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah duk wanda ya taɓa bin tsarin abincin nan da ake cewa yana rage asid a jiki ya faɗa mana abin da ya gani da kansa. An turo min jadawali wai nama da ƙwai da kayan fulawa asid ne, ganye da 'ya'yan itace alkalin wato kishiyar asid, a riƙa shan ruwan ɗumi da lemon tsami da safe, har da cewa cutar kansa ba ta zama a jikin da ya koma alkalin. Ina so in fara amma hankalina bai kwanta ba.

Ummu Yasir: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ni dai na yi kuma wlh na ji daɗin jikina, kumburin ciki ya tafi, bayan gida ya daidaita, har siket ɗina ya fara min yawa. Lemon kwalba da soye-soye na ajiye, rabin farantina ganye ne yanzu. Akwai 'yar takardar gwaji da nake tsomawa a fitsari, da rawaya take nunawa yanzu ta koma koriya.

Abu Sadiƙ: Hajiya Ummu Yasir Allah ya ƙara lafiya, sauƙin da kika samu gaskiya ne amma ganyen da barin zaƙin ne suka kawo shi. Aikina kenan gwajin jini, takardar nan fitsari take aunawa, shi kuwa fitsari pH ɗinsa, wato ma'aunin asid da alkalin, na yawo daga 4.5 har 8 gwargwadon abin da aka ci, jini kuma a tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama, huhu na fitar da iskar kabon ƙoda na zubar da ragowar asid ɗin, to canjin launin nan ƙodarki ce ke aikinta. Mutanen da na ga jininsu ya yi asid da gaske a kan gadon asibiti suke, masu ciwon suga da ya ɓaci ko masu ciwon ƙoda, suna numfashi sama-sama.

Baban Amira: Ni a wajena ya yi amfani amma likita ne ya ɗora ni. Tsakuwar ƙoda ta yurik asid gare ni, ciwon da ba na yi wa maƙiyina fatansa, aka ce in rage jan nama da kayan ciki in yawaita ruwa, aka ba ni maganin potasiyam sitret dan fitsarin ya rage tsami. Alhamdulillah ba ta dawo ba.

Anti Bilki: Masu ƙwannafi ku yi hattara da lemon tsamin safen nan. Ƙirjina kamar an hura wuta, haƙorana suka fara tsami ko ruwan sanyi ba na iya sha, likitan haƙori ya ce asid ɗin ne ke cin bayan haƙorin kuma in ya cinye ba ya tsirowa.

Yaya Sani: Mahaifinmu na da ciwon ƙoda, ƙanwata ta ga irin jadawalin nan ta dage masa da ayaba da lemon zaƙi da tumatir saboda tausayi, sai jikinsa ya mutu murus bugun zuciyarsa ya rikice, a asibiti aka ce potasiyam ne ya taru masa tunda ƙodar ba ta iya fitarwa. Sannan masu kaɗa bekin soda a ruwa su sha, sodiyam ne cike a ciki, mai hawan jini ya kiyaye.

Maman Hanan: Subhanallah, Allah ya ba Baba lafiya. To maganar kansar fa Malam Abu Sadiƙ?

Abu Sadiƙ: Nan ne abin ya fi min ciwo, ƙanwar mahaifiyata ta jinkirta maganin kansar mama tana shan ruwan alkalin, kafin ta koma asibiti ƙarin ya yi nisa. Masu tsarin suna yawan jingina maganar da Otto Warburg, masanin kimiyya ɗan Jamus da ya yi bincike kan kansa, wanda ya ci kyautar Nobel a 1931, alhali ƙarin ne da kansa ke sa gefensa ya yi asid saboda yadda yake cin suga. Robert Young, ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa tsarin a Amurka, kotu ta same shi da laifin yin aikin likita ba lasisi a 2016, har gidan yari ya shiga. Ki ci ganyenki Hajiya, amma in kina shan wani magani kar ki ajiye shi sai kin ga likitanki.